Sakatariya da Takardar Filin Makaranta

Ƙarfe bakwai da rabi take zuwa, ko da wuta ko babu. Za ka hango ta tun daga kwanar layin shaguna, jaka a hammata, makullai a hannu, tana takawa a hankali saboda gwiwar da ta daɗe tana damunta. Ta buɗe ƙofar ƙarfen ta tokare ta da bulo, ta yaye zanin da take lulluɓe kwamfuta da shi ta kakkaɓe, ta fito da benci ta jingina da bango. Sannan ta zauna ta goge tabarau da bakin mayafi. Shekara ashirin da uku ke nan haka take yi. Sakatariya muke ce mata, don kafin ta buɗe shagon ta yi aikin buga takardu a wani ofis, kuma da yawa a layin nan ba su san tana da wani suna ba.

Ƙarshen watan nan za ta rufe. Ba don ta gaji ba, ko da yake ta gaji ɗin. Shi ya sa na ga gara a faɗi alherinta tun tana ji da kunnenta. Ni faci nake yi, rumfata tana kallon ƙofarta. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani waɗanda suka gani ne suka ba ni.

Aikinta ba wani babba ba ne a ido. Takardar neman aiki, takardar haya, cike fom ɗin jarrabawa a intanet, duba sakamako. Amma duk wanda ya zauna a kujerar da ke gefenta sai ya tuɓe mata abin da ba ya tuɓe wa kowa. Mutanenmu lambar sirrinsu a bayan kwalin magani suke rubutawa su miƙa mata. Ta san wanda ya faɗi jarrabawa ya ce wa iyayensa ba ta fito ba. Ta san wanda ya rage shekaru. Ta san wadda likita ya rubuta wa abin da ko mijinta bai ji ba. An ce ba don abinci kaɗai aka yi ciki ba, to nata cikin ya ɗauki unguwa guda bai taɓa yoyo ba.

Tana da wata ƙa'ida da ta sha jawo mata tsaki. Idan ta gama buga maka takarda ka karɓa, sai ta juyo da madannai wajenka ta nuna maka maɓalli ɗaya.

“Danna nan.”

“Haba Sakatariya, sauri nake yi, ke ki goge mana.”

“Idan na goge, ji ka yi an ce. Idan ka goge, gani ka yi. Danna. Yauwa, yanzu yana kwandon shara, sake dannawa.”

Shafin da ya lalace kuwa ba ta jefa shi a bokiti. Sai ta yaga shi gida huɗu ta ba ka, ka sa a aljihu ka tafi da abinka. Wanda ya dawo bayan wata yana neman kwafi, sai dai a sake bugawa daga farko, yana ƙunƙuni tana bugawa.

Bencin nan na ƙofarta majalisa ce. Mutum biyu ne ba sa fashi: Kofur, tsohon ɗan sanda da ya yi ritaya, da Mai Aski, wanda shagonsa ke manne da nata. Mai Aski ne mai kawo labarin duniya daga waya, Kofur ne mai ƙaryata shi.

“An ce yanzu waya tana jin ka ko a kashe take,” in ji Mai Aski wata safiya. “Jiya na ce wa maiɗakina katifarmu ta mutu. Yau ina buɗe ido, tallar katifa ce ta fara gaishe ni.”

“Kai me kake da shi da za a saurara?” in ji Kofur. “Munsharinka? Mu a zamaninmu sai ka bi mutum wata uku kafin ka san gidan da yake kwana. Yanzu shi da kansa zai ɗauki hoto ya sa, har da kwanon da ya ci abinci.”

“Kuma wai za a haɗa komai wuri ɗaya. Katin zaɓe, layin waya, katin asibiti. Su danna su ga wanda ka zaɓa da ciwon da ke damunka.”

“A haɗa mana. Wanda bai yi laifi ba me zai ji wa tsoro?”

Sakatariya ba ta cika sa baki ba, amma ranar ta ce, idonta a kan allo, yatsunta ba su tsaya ba: “Mai laifi ai yana da lauya, Kofur. Talaka ne ba shi da komai sai rufin asiri.”

Bara, ana saura wata biyu zaɓe, aka wayi gari an kafa turaku a filin wasan makarantar firamare da ke bayan layinmu. Aka ce filaye za a yanka. Ba a yi mako ba sai ga wata takarda, shafi biyu, babu suna, an dai sa “Daga wani ma'aikacin makarantar”. Ta kawo ranar da aka zo awo, da adadin filayen, da waɗanda aka yi wa alkawarinsu. Aka karanta ta a rediyo, aka ɗauki hotonta ta zagaya wayoyi. Dole aka tsayar da aikin. Shugaban hukumar yankin, wanda ke neman komawa kujerarsa, ya rantse a gaban mutane sai ya raba mai takardar da aikinsa. Ma'aikatan makarantar goma sha ɗaya ne, da malamai da mai gadi da mai shara, dukansu a ƙarƙashin hukumar suke, kuma kowanne da bakunan da yake ciyarwa.

Ko namiji ne ya rubuta ko mace, ban sani ba har yau. Zan ce “shi” ne kawai don bakina ya saba. Ya yi dabara da bai rubuta a wayarsa ba, don ya san waya tana barin sawu, sai ya kai shagon Sakatariya ta buga masa. Abin da bai yi tunani ba, Sakatariya ma ba ta yi ba, shi ne firintarta. Shekara biyu tana barin wani siririn baƙin layi a gefen hagu na kowane shafi. Mai gyara ya sha ce mata a canza wani ƙarfe, tana cewa ai rubutu yana fita. Duk gidan da ke unguwar nan akwai takarda mai wannan layin a ƙarƙashin katifa.

Wanda aka aiko mata ƙanin marigayi mijinta ne. Gaban Mota ake ce masa, don tun da ya shiga hidimar shugaba ba a sake ganinsa a kujerar baya ba. Ya zo da hantsi, Kofur da Mai Aski suna benci, ya shiga da fara'arsa.

“Matar yaya, ko shayi ba a ba miji?”

“Mijin da ba a ganinsa sai zaɓe ya zo? Zauna dai.”

Ya zauna a kujerar nan ta gefenta. Ya zaro takardar ya shimfiɗa a tebur, ya bi baƙin layin da yatsa daga sama har ƙasa.

“Wannan layin na gidanmu ne.”

“Firintata ce.”

“To wa ya kawo?”

“An goge.”

“Na san an goge a nan,” ya nuna kwamfuta. Sai ya nuna goshinta. “A nan fa?”

Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Fankar sama tana ta juyawa a kansu, fankar da marigayi mijinta, yayan Gaban Mota, ya ɗaura da hannunsa.

“Matar yaya,” ya sassauta murya, “shagon nan na hukuma ne. Takardar zamanki wata uku ya rage mata. Ni ne nake tare miki a can. Suna ɗaya kawai. Ba wanda zai san daga bakinki ya fito.”

“Ni zan sani,” ta ce. “Ka gai da yara.”

Kashegari aka zo aka ɗauki kwamfutar, wai bincike. Kwana tara tana zuwa ƙarfe bakwai da rabi ta buɗe ƙofa ta zauna gaban tebur babu komai a kai sai alamar ƙura inda injin yake. Aka dawo mata da shi ba a sami komai ba.

A cikin kwanakin nan ne Kofur ya shiga ya same ta. Shi da bakinsa ya ba ni, yana faɗa yana girgiza kai.

“Sakatariya, ba na son koya miki mugunta, amma yaron nan, Gaban Mota, duk takardunsa ta hannunki suka bi. Lokacin da yake neman shiga hukuma nan ya kwana biyu yana zarya. Ni ɗan sanda ne, na san mai zarya irin wannan akwai abin da yake binnewa. Ba sai kin tona ba. Ki ɗan tuna masa kawai, zai sa a bar miki shagonki.”

“Shi ma a kujerar nan ya zauna, Kofur. Shi ma da hannunsa ya danna.”

“Ko da zai fitar da ke titi?”

“Idan na buɗe nasa yau don na ji zafi, gobe na wa zan buɗe?”

Kofur ya ce daga nan sai ya fito ya koma benci ya zauna.

Ina so in ce daga nan gaskiya ta yi halinta, amma ba haka aka yi ba. Shugaba ya ci zaɓe. Bayan wata huɗu turakun suka dawo, rabin filin ya tafi, yanzu gini ya kai taga. Ma'aikatan makarantar suka ɗauke ƙafa daga shagonta gaba ɗaya, don duk wanda aka gani ya shiga, shi za a nuna. Masu neman wani abu a hukuma su ma suka koma bugawa a wani layi. Ragowar kuma waya ta cinye su. Ran nan Mai Aski yake nuna wa Kofur sabon abin nan da ke rubuta wasiƙa da kansa.

“Ka gaya masa damuwarka kawai, kafin ka ƙifta ido ya tsara maka. Ba layi, ba danna nan.”

“Idan ya gama,” in ji Sakatariya daga ciki, “ina yake kai abin da ka gaya masa?”

Mai Aski ya juya wayar gaba da baya kamar amsar tana manne a jikinta. “Oho,” ya ce, ya sa ta a aljihu.

Ba a sabunta mata takardar zama ba. Aka riƙa ƙara mata wata ɗaya-ɗaya, har wancan makon aka kawo ta ƙarshe. Gaban Mota bai sake taka layin ba, kuma an ce ko a sabgar dangi gefe yake bi. Ban taɓa jin ta zage shi ba. Abu ɗaya na ji tana maimaitawa, shi ma kanta take zargi: “Da na gyara firintar nan, da bawan Allah bai kwana da fargaba ba.”

Amma goma sha ɗayan nan suna nan a bakin aikinsu, ba wanda aka taɓa, don ba a kori mutum goma sha ɗaya saboda ɗaya da ba a sani ba. Kullum da safe ta gaban shagonta suke wucewa, ta tsallaken titi. Na zauna na lura da ita kwana da kwanaki, ina cewa ko ido zai faɗi abin da baki ya ƙi. Kowanne ta ɗaga masa hannu daidai yadda ta ɗaga wa na gabansa. “An fito? A yi aiki lafiya.” Mai shara da shugaban makaranta, kalma ɗaya, murya ɗaya. Ko daƙiƙa ba ta ƙara wa wani.

Sakatariya, ke ce rijiya mai murfi. Ke ce aka ba ki zaɓi tsakanin ɗakin da kika tsufa a ciki da sunan wanda ba ɗanki ba, ba ƙaninki ba, kika tattara makullanki. Ke ce kika riƙe amanar wanda ya zo raba ki da abincinki, daidai yadda kika riƙe ta wanda ya kawo takardar filin makaranta. Ba a ba ki lambar yabo ba, kuma na san ba za a ba ki ba, don irin aikinki idan ya yi kyau ba a ganin komai. Mun gode. Allah ya rufa miki asiri duniya da lahira, ya ba gwiwar nan sauƙi, ya sa hutun ya zame miki alheri ko da ba ke kika zaɓi ranarsa ba.

Ku kuma da asirin mutane ke bi ta hannunku, mai gyaran waya, mai rajistar layi, mai ba da kati a asibiti, mai cike wa tsofaffi fom, ku zo ku gan ta kafin wata ya ƙare. Injinan nan da ake ta ƙerawa ba su san kunya ba, ba su san amana ba. Idan ku ma kuka bari, talaka ba shi da sauran wurin da zai zauna ya faɗi damuwarsa.

Kai kuma mai takarda, na san abin yana cin ka, shekara guda kana wuce matar da ta rasa shagonta dominka ba ka iya tsayawa. Kada ka tsallako. Idan ka tsallako, ka zubar da duk abin da ta tare. Gobe ma ka wuce ta can gefen, ka amsa gaisuwa kamar sauran, ka shiga ka yi aikinka. Godiyarka mun yi maka.