Yaya Alasan, Maƙeri da Makanike

Shekara talatin da biyu ke nan da Allah Ya karɓi ran wana, Alasan, kuma har yau in famfo ya lalace a garkunan bakin koramar Telwa, nan Agadas, shi nake fara tunawa. Abin dariya, Yaya Alasan bai taɓa gyara komai da hannunsa ba. Malamin gona ne, ya yi lakwal, wato karatun boko, har Yamai, amma in ka miƙa masa guduma sai ka yi wa yatsunsa addu'a. Mahaifiyarmu takan ce Allah Ya ba shi ƙafa da baki, Ya hana shi hannu. Ni ƙanwarsa ce, na fi kowa tsokanarsa da wannan magana, kuma na fi kowa kewarsa.

A babban farin nan na zamanin soja, raƙumin da ke ja mana guga ya mutu, kamar na kowa. Garkarmu ba wata babba ba ce, amma akwai dabinon da kakanmu ya shuka, wanda babanmu ke kira kowane gindi da sunansa. Albasa in ta ƙone, baɗi a sake. Dabino kuwa in ya mutu, tsoho kamar babanmu ba zai ga ƴaƴan wani sabo ba. Sai wani furoje na taimako ya kafa mana famfon hannu a rijiyar da mu da maƙwabta muke sha, muka ce wahala ta ƙare. Ba a jima ba wani ɗan ƙarfen tagulla da ke riƙe ruwa a cikinsa ya fashe. Makaniken furojen, Hamani, Bazabarme mai kirki da tsoron manyansa, ya ce sai an aiko da sabo daga Turai ta Yamai. Muka koma jan guga da hannu, ganyen dabino na ta yin ja.

A lokacin kowa da abin da ya sani, kowa kuma ya rufe nasa. Furoje-furoje sun cika gari, amma wannan bai san abin da wancan ke yi ba, ko da katanga ɗaya ce tsakaninsu. Maƙera ba su nuna sana'arsu ga bare, gado ne, daga uba sai ɗa. Taro kuma ba a yinsa sai da izini, mutum uku in suka daɗe a tsaye sai na huɗu ya zo jin abin da ake cewa.

Yaya Alasan bai kira taro ba, shayi ya ɗora. Ya san al'adar garin nan: wanda ya karɓi kofin farko ba ya tashi sai ya sha na uku, tashi kafin nan cin fuskar mai gida ne. Ya gayyaci Hamani, ya gayyaci Agali maƙerin azurfa, bai gaya wa kowa cewa ɗayan zai zo ba. Ni ce nake kai musu garwashi, na ga yadda ya ja dahuwar shayin nan har na ji tausayin baƙinsa. Wani jandarma ma ya leƙo, aka miƙa masa kofi, shi ma ya maƙale.

A nan Yaya ya tambayi Agali yadda yake yin sarƙa. Agali ya faɗi abin da kowa ya sani: a siffanta da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a gasa, kakin ya zube, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Na ga idon Hamani ya canza, ya gane haka za a iya zuba sabon ƙarfen famfon. Sai dai ya ce ba shi da ikon fitar da fasasshen ƙarfen daga magazan, ɗakin ajiyar furoje. Agali ya ce to shi zai je da kakinsa ya ɗauki siffar. Haka aka yi, muka yi murna da wuri. Ƙarfen da ya zubo ya yi kyau kamar na ado, amma bai zauna daidai ba, ruwa na zurarewa ta gefe. Dole sai Hamani ya shiga maƙera da ma'auninsa, ana zubi ana gwadawa. Agali ya ce ko kakansa ya tashi daga kabari ba zai yarda ba.

Kwanaki Yaya yana zarya tsakaninsu a cikin rana, ai zumunci a ƙafa yake. Ranar ƙarshe bai yi wa Agali wa'azi ba, garkarmu ya kai shi. Babanmu na zaune a gindin wani dabino da ya riga ya bushe. Ya ɗago ya ce, “Agali, ubanka ya ci ƴaƴan dabinon nan ranar sunanka.” Maƙerin ya juya ga Yaya ya ce, “Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hamani ya zo. Amma in ya ga nawa, sai na ga nasa. Ya kwance famfon nan a gabanmu, ya nuna mana cikinsa duka.” Hamani ya yarda, ko da yake ya san hakan na iya jawo masa faɗan manyansa. Matar Agali, Takna, ita ta yanka fatar da aka naɗa a bakin ƙarfen. Ruwa ya hau. Gindi biyu sun tafi, sauran suna nan, jikokina na cin su.

Daga nan shayin Yaya ya zama na kowace Juma'a bayan masallaci. Masu haƙar rijiya, madugan gishiri, likitan dabbobi, ma'aikatan furoje, duk sun zauna a tabarmarsa. Ƙa'idarsa ɗaya: kowa ya tafi da wani abu, ya bar wani abu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Famfo mai aiki da hasken rana zai burge shi, waya kuma da ta hutar da ƙafarsa. Amma na halarci tarurrukan nan da ake kira atelye, a ɗaki mai sanyi, da sunan musayar sani, inda kowa ke karanta nasa yana duba agogo. Ina jin Yaya zai saurara cikin ladabi, sannan ya tambaya wa a cikinsu ya taɓa shiga wurin aikin ɗan'uwansa. Ba na cewa da ta fi yanzu, wanda ya ga farin nan ba zai yi fatan dawowarsa ba. Mutanen nake kewa, da yadda wuya ta sa suka buɗe wa juna ƙofa.

Bayan rasuwarsa zaman Juma'a ya watse, na daɗe ina ganin komai ya bi shi. Bai bar gini ba, ba a sa wa ko lungu sunansa ba. Sai bara, da wani abu ya karye a sabon famfonmu, ina zaune ina jiran a aiko daga Yamai. Jikata Rahila, wadda ke kula da garkar yanzu, ta kwance shi ta nufi unguwar maƙera, ta biya ta ɗauki mai gyaran sola a babur ɗinta. Kafin la'asar ruwa na gudana a gindin dabino. Na tambaye ta wa ya koya mata haɗa maƙeri da makanike. Ta dube ni da mamaki ta ce, “Kaka, ai haka ake yi a Agadas tun da can.”

Na buɗe baki zan gyara mata, sai na fasa. Allah Ya jiƙanka, Yaya.