Ranar da Baba Ya Kalli Waldata

Maƙerar babana tana cikin zauren gidanmu ne a Ƙofar Kuyambana, kuma har ya rasu bai yarda cewa walda sana'a ce ba. Liƙi yake kiranta. A wurinsa wanda bai dafa ƙarfe ya yi ja, ya buge shi har biyu suka zama ɗaya ba, to bai haɗa komai ba, ya dai manna.

Ni ne ɗan farinsa, don haka bai taɓa kiran sunana ba, balle ya yaba mini. “Kai” ne sunana a bakinsa, in kuwa yana magana da Inna, “yaron nan”. Na tashi ina ja masa zuga-zugi, ina kallon yadda yake zuba wa gawayi ido har ƙarfe ya kai launin da yake so. Da na gama sakandare na sami gurbin koyon walda da ƙere-ƙeren ƙarfe a wata kwalejin fasaha, bai hana ni ba. Cewa kawai ya yi, “Je ka. Allah ya ba da sa'a.” Ya ci gaba da bugun abin da ke gabansa. Ranar na fi son ya yi mini faɗa.

Na so makarantar nan fiye da yadda na zata. Kullum da safe in hau keke in fita ta ganuwa, in isa ɗakin aiki in tarar da warin ƙonannen ƙarfe yana jirana. Watanni uku na farko sandar walda maƙalewa take yi a jikin ƙarfen, in yi ta fizga kamar mai jan akuya. Malaminmu, wani gajeren dattijo mai son tsokana, yakan ɗaga aikina ya nuna wa aji ya ce a zo a ga inda kaji suka yi kashi. Sannu a hankali hannuna ya zauna. Ranar da na fara jan layin walda ya fito sumul, na ɗauki guntun ƙarfen na kai gida a aljihu. Na ajiye kusa da uwar maƙera inda dole Baba ya gani. Ya gani kuwa, ya matsar da shi gefe ya ɗora awartakinsa a wurin.

A shekarata ta biyu, ana gab da faɗuwar damina, wani manomi da ya daɗe yana kawo wa Baba aiki ya zo daga ƙauye da wata garma da ta tsage a wuya. Baba ya jujjuya ta ya ce ƙarfen ya gaji, in ya sa ta a wuta zai ci rabinta. Ni kuwa bakina ya riga hankalina.

“Baba, in ka ba ni zan gyara ta a makaranta.”

Ya sake jujjuya garmar. Can ya ce, “Kayan mutane ne. Ƙafata ƙafarta.”

Haka muka tafi ranar Asabar, shi da babbar rigarsa ta zuwa Juma'a, garma a naɗe cikin buhu. Malaminmu ya tarbe shi da girmamawa, ya miƙa masa garkuwar fuska mai baƙin gilashi, ya ce in zai kalla sai da ita. Baba ya karɓa, ya leƙa ciki, ya mayar.

“Malam, ai ba a ganin komai a nan. Shekara arba'in ina kallon wuta, ba ta taɓa yi mini komai ba.”

Malam ya yi masa bayani cewa wannan wutar daban ce, in ba zai sa gilashin ba to ya juya baya. Baba ya ce to. Aka kira Malam waje, ya fita ya bar mu.

Na san wannan “to” ɗin. Na san ba zai juya ba. Da na buɗe baki na ce, “Baba, don Allah juya,” da wataƙila ya ji, amma yaushe na taɓa ba shi umarni? Gaskiyar da na daɗe ina ɓoyewa kuma ita ce, ba na so ya juya. So nake ya gani. Na sauke garkuwata, duniya ta yi baƙi, na kunna. Na bi tsagar nan a hankali, na kankare, na sake bi ta baya. Da na ɗago, yana tsaye dab da kafaɗata, ya sunkuyo, idanunsa a buɗe tar.

Muka dawo gida. Da asuba bai fita masallaci ba. Na shiga na same shi zaune a kan tabarma, idanun sun kumbura sun yi jajir, hawaye na zuba ba ya iya buɗe su. Ya ce ji yake kamar an cika masa su da yashi. Inna tana ɗora masa tsumma mai sanyi tana zazzaga mini masifa, wai na je na koyo boko na dawo zan makantar mata da miji. Ban kare kaina ba, don tana da gaskiya. Na kai shi asibiti a bayan babur ɗin maƙwabcinmu, aka ba shi maganin ɗigawa aka ce kwana biyu zai warware. Ban taɓa jin kunya da tsoro irin na ranar ba.

Da la'asar manomin ya zo karɓar garmarsa. Baba ya sa na riƙo hannunsa na kai shi zaure, fuskarsa ɗaure da ƙyalle. Ya ce a miƙo masa ita. Ya bi layin waldar da babban yatsansa daga farko har ƙarshe, ya dawo ya sake bi. Ya lalubi ƙaramar guduma ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne. Ni dai ina tsaye ina kallonsa.

“A ƙarshen layi kana sauri,” ya ce. “Na ga hannunka jiya. Ka daina.”

Sannan ya miƙa garmar wajen da yake jin motsin manomin. “Karɓi, Malam. Aikin gidan nan ne. In ta sake tsagewa a nan, ka dawo mini da ita.”

Ba ta dawo ba. Idanunsa sun warke, ya koma bakin wutarsa, ya ci gaba da kiran sana'ata liƙi har ƙarshen ransa. Bai sake zuwa inda nake aiki ba, ni ma ban sake gayyatarsa ba.

Yanzu ina da shagona a wajen ganuwa, ina yin ƙofofi da tagogi, hannuna kuma ya daina sauri a ƙarshen layi. Zauren Baba ya koma wurin ajiye babura. Ina kewarsa ƙwarai, kuma na fi jin kewar a daidai lokacin da zan sauke garkuwa. Nakan ce da masu jiran aiki su juya baya kada wuta ta ci musu ido. Kowa yana juyawa.