Bishiyar da ke Tagar Horpina

Horpina Saiko tela ce, tana zaune a hawa na huɗu na wani tsohon bene a garin Zhitomir. Shekarar da suka tare, mijinta Panas ya tono 'yar bishiyar bereza, mai farin ɓawon nan, daga dajin ƙauyensu, ya dasa a tsakar gidan. Suna tsufa tana tsawo, har kanta ya kai tagarsu. Bayan rasuwar Panas ciwon ƙafa ya kama Horpina, matakala ta gagare ta. Sai ta ja keken ɗinkinta bakin taga, tana aiki tana kallon ganye.

Wata shekara sanyi ya wuce, rassan sama suka ƙi toho. Ta faɗa wa Ostap, mai sharar gidan, wanda ke hawo mata da burodi da madara. Ya yi dariya.

"Baba Horpina, idonki ne ya tsufa. Daga ƙasa shar take, ta fi ni lafiya ma."

"Kai da ba ka ɗaga kai sai in za ka kurɓi barasa? Zo nan ka miƙa hannu."

Ya miƙa ta taga ya kamo reshe, ɓawon ya saɓule a hannunsa. Ƙarƙashinsa duk hanyoyi ne a karkace, ga fararen tsutsotsi kwance. Ostap bai ƙara dariya ba.

Sun yi iya ƙoƙarinsu. Ita ta jiƙa taba da sabulu, shi ya fesa iyakar inda tsani ya kai, yana zuba wa gindin ruwa. Amma tsutsar tana can ciki, magani bai taɓa ta ba. Kowace shekara bushewar na ƙara saukowa, har wani reshe ya faɗo kusa da inda yara ke wasa. Ma'aikatan gari suka zo suka shafa wa bishiyar jan fenti, alamar za a sare ta. Horpina ba ta yi musu ba, roƙonta kawai a bari sauran ganyen ya zube. Aka bari.

Ranar da aka sare bishiyar, ta saki labule, ta yi ta taka keke ba komai a ƙarƙashin allura. Daga nan ba ta ƙara karɓar ɗinki ba. 'Yarta ta zo ta tafi da ita Lviv, can ta rasu kafin ƙanƙara ta narke. Ostap a bakin sababbin masu ɗakin ya ji labari.