Hantsin Kunkurun Inna

Inna ta rasu ta bar mana gida a Ƙofar Taramniya, da tukwanenta, da kunkuru. Kunkurun ruwa ne, wani masunci ya kawo mata shi daga gulbi tun ina goye, lokacin bai fi tafin hannu ba. Baba ya gina mishi ɗan tafki na siminti a gindin rijiya, Inna ta jingina tsohon dutsen niƙanta a ciki, rabi cikin ruwa rabi a waje. Tun da na yi wayo, da zarar hantsi ya faɗo tsakar gidanmu sai ka ga ya rarrafo ya hau dutsen nan, ya miƙe wuya, ya baje ƙafafu, ya yi tsit. In rana ta fara cizo ya silale ya koma ruwa, ta wajen da inuwar dalbejiya take. Inna kan zauna kusa da shi tana tsintar shinkafa tana ba shi labarin mutanen unguwa, kuma ta hana kowa yin shanya a igiyar gabas sai ya gama shan hantsinsa. Na sha duka a kan igiyar nan.

Ni na zauna da Inna a shekarunta na ƙarshe, don bayan rasuwar mijina gida na dawo. Yayana kuwa, babban ɗanta, mai shagon shadda da atamfa a kasuwa, Arkilla yake zaune cikin gida mai tayil tun daga ƙofa. Yakan leƙo ran Juma'a, ya gaishe ta a tsaye yana fifita da hula yana cewa gidan ga zafi.

Bayan sadakar arba'in sai ga shi da bokiti. Wai zai ɗauki kunkurun ya riƙa tunawa da Inna, kuma wai tausayin dabbar yake ji, shekara da shekaru ana gasa ta a rana. Na ce mishi ba gasa shi ake yi ba, da ƙafarsa yake hawa. Ya ce shi ne babba. Tukwane da gado da duk abin da aka raba ban ce uffan ba, amma wannan ya tsaya mini a wuya. Abu mai numfashi ɗaya da Inna ta bari a hannuna ke nan, ina kallo aka sa shi a bayan mota.

A garin nan kowa ya san rana abokiyar gaba ce. In kana son mutum ka ja shi inuwa, ka ba shi ruwan randa. Shi ya sa duk wanda na kai wa ƙara sai ya ce ai kunkuru ya yi sa'a, ya bar wahala ya koma gidan sanyi. Har ƙanwar Inna, wadda ke zaune a unguwar Minanata, cewa ta yi in da ita aka ɗauka da ta gode.

Na daɗe ban taka Arkilla ba saboda haushi. Ran da na je, na sami kunkurun a falo cikin akwatin gilashi, an zuba fararen tsakuwa da furen roba, an liƙa wani ƙwan lantarki ja a sama don ado. Labule a sauke, na'urar sanyi tana ta huci, har ni sai da na ja mayafi. Babu dutse, babu ko wurin da zai fito ya bushe. Yana kwance a kusurwa, idanunsa sun kumbura sun rufe. Na sa hannu na ɗago shi, na danna bayansa da babban yatsa, sai ƙoƙon ya lotsa kamar jiƙaƙƙiyar ƙwarya. Ƙoƙon da muke hawa da ƙafa muna yara, Inna tana korarmu da muciya.

Yaya yana zaune da abokan kasuwancinsa suna cin gasasshen nama. Na daure na yi magana a hankali, na ce a bar ni in mai da shi gida, rana yake nema. Ya kwashe da dariya har yana buga cinya, ya juya wajen baƙinsa.

"Ku ji mini ƙanwata. A Sakkwato taka nemo ma wani rana!"

Suka yi ta dariya. Ya ce sanyin daɗi ne ya sa shi barci, in kuma haske nake so ga ƙwai nan yana ci dare da rana. Na mayar da kunkurun cikin ruwan nan mai sanyi da hannuna, na fito na tari keke. Tun daga Arkilla har gida ban yi kuka ba, lissafi nake yi.

Kashegari na je asibitin dabbobi don kada a ce ƙauyancina ne. Likitar ta ce abin da ke ƙarfafa ƙashi da ƙoƙon kunkuru yana cikin hasken rana, kuma gilashi yana tare shi, ko da an ajiye akwatin a bakin taga. Ƙwan ado ba ya maganin komai. Akwai wani ƙwai na musamman da mutanen ƙasashen sanyi ke saye, amma mu da Allah ya ba rana kyauta me za mu yi da shi. Ta ce in aka ƙara jinkiri zai mutu. Na kira Yaya na faɗa mishi, ya ce yana da baƙi a shago, ya kashe waya.

Ana haka matarsa ta haihu, aka taru suna. Falon nan ya cika da mata, na gida da na dangin matar da matan 'yan kasuwa, kowa da turarenta. Na zaɓi kujerar da ke jikin akwatin na zauna. Ban daɗe ba wata Hajiya, wadda duk kasuwa ta san bakinta ba ya riƙe ruwa, ta leƙa ta ga kunkuru kwance ƙarƙashin jan haske a ɗaki mai duhu, ta ja da baya ta tambaye ni wannan kuma na mene ne. Da na ce na Inna ne, da magana ta ƙare a nan. Sai na gyara mayafi na rage murya.

"Ni dai ban sani ba, Hajiya. Ya hana kowa taɓa shi, kuma ba a kashe mishi fitila. Amma tun da yak kawo shi ɗakin ga, ki dubi yadda kasuwa tab buɗe mishi."

Ban ƙara ko kalma ba, kuma duk abin da na faɗa gaskiya ne. Ta ce Allah ya tsare mu. Na ce amin, na ci gaba da cin waina.

Kafin mai jego ta gama wankan arba'in zance ya gama kasuwa. Wai kunkuru ne ke kawo mishi kuɗi, wai da jini ake ciyar da shi, wai yana magana. Wannan na ƙarshen har ni ya ba ni dariya. Masu saye suka fara tsallake shagonsa zuwa na gaba. A masallaci aka daina matsa mishi wuri a sahun farko. Abokan nan da suka taya shi yi mini dariya su suka fara ja da baya. Da labari ya iso ni, ban ji tausayinsa ba ko na ƙwayar gero. Daɗi na ji.

Yaya da kansa ya kawo kunkurun, cikin bokitin da ya ɗauke shi, ya ajiye a zaure ya juya. Na wanke tafkin, na zuba ruwan rijiya wanda ya kwana, na ɗora shi a kan dutsen Inna da hantsi na tsuguna na tsare shi, da rana ta yi zafi na sauke shi. Ƙananan kifi nake saya in ba shi da ƙayarsu, in daka ɓawon ƙwai in barbaɗa. Ya daɗe bai buɗe baki ba. A hankali kumburin ido ya saɓe, ya fara bin hannuna da kallo, ƙoƙon ya fara tauri ko da yake ya karkace ta wajen wutsiya, kuma haka zai zauna. Ƙafafun baya ne suka ƙi. Jan su yake yi, in ya zo gindin dutsen ya yi ta yaƙushi ya zame. Kullum ni ke ɗora shi.

Sai ga Yaya wata Juma'a, ya rame, babbar rigar ta yi mishi yawa. Ya gano daga inda zancen ya fito, amma bai yi faɗa ba. Ya roƙe ni in je wajen Hajiyar nan da sauran mata in faɗa musu kunkurun mahaifiyarmu ne, tun muna yara yake gidan, don in shi ya faɗa ba mai yarda. Ban shimfiɗa mishi tabarma a inuwa ba. Na bar shi tsaye a tsakar gida, zufa tana bin wuyansa, sai da na gama wanke kwanonina.

"Zan faɗa musu, Yaya. Ran da ya hau dutsen ga da ƙafarsa, yadda ka same shi."

Tun daga nan duk Juma'a da hantsi yana gidanmu. Mutumin da bai taɓa zama ya ji hirar Inna ba, yanzu shi ne tsugune a gindin rijiya, hula a gwiwa, yana lallashin kunkuru. Har kifi yake kawowa. In ya ga ya zame sai ya dafe kai. Ni kuwa ina bakin madafa ina kallonsa, in ya nemi ruwa in ba shi.

Kwanakin baya na makara wajen wanki, ban fito da wuri ba. Da na leƙo sai na gan shi a kan dutsen, shi kaɗai, ya miƙe wuya ya baje ƙafafun nan huɗu a cikin hantsi. Na zauna a inda Inna ke zama na yi kukan da ban yi ba ran da aka fita da ita.

Yanzu kullum da kansa yake hawa. Ran Juma'a kawai nake riga shi, in ɗora shi tun kafin Yaya ya yi sallama. In ya shigo ya tambaya ko ya hau, sai in ce ni na ɗora shi.