Kawu Ladan da Gishiri

Kun dai san Kawu Ladan birkila, ba ya kwaɓa siminti sai ya ɗanɗana ruwan. Ya tsoma yatsa a garwa, ya lasa, ya lumshe ido. In ya ji gishiri-gishiri, aiki ya tashi ke nan.

"Gishiri ɓarawo na," in ji shi. "Shina ratsa kankare har shi iske rodi, shi sa mai tsatsa. Rodi shi kumbura, gini shi tsage, kai kana ƙasa kana shan fura."

Shekarar da aka samu mulkin kai aka kai shi Kebbe ya yi kwalbati. Ya lasa ruwan rijiyar kusa, ya tofar, ya ce sai jakuna sun ɗauko wani daga nesa. Mai kwangila ya ɗora hannu a ka.

"Haba Malam Ladan! Shanun Fulani ma shi suka sha!"

"Da rodi cikinsu?"

Jakuna suka ɗauko ruwa.

A gida kuwa ya hana matarsa, Inna Hurera, sa masa gishiri a miya. Wai abin da ke cin ƙarfe, hanji mene ne a wurinsa? Inna ta ce to. Kullum yana suɗe kwano yana cewa, "Kun gani? Ba a buƙatarsa." Mu da muke ganin tana barbaɗawa, ba wanda ya yi ko tari.

To, akwai ɗakin ajiya da ya zuba mata da kankare a gidansa na Tambuwal, abin alfaharinsa. Ashe nan Inna ke ɓoye buhunan gishirin da take sayarwa, jingine da ginshiƙi, damina tana jiƙa su shekara da shekaru. Wata rana da hantsi tana ciki ginshiƙin ya tsage, wani ɓangaren rufi ya faɗo dab da ƙafarta. Subhanallahi! Muka ruga.

Kawu ya fara duba ƙafar Inna. Sannan ya kankari bango, ya lasa.

"Hurera, wanga bango ya ɗara miyarki gishiri."

Shi da kansa ya kwashe buhunan, ya gina musu ɗan ɗaki na jar ƙasa, ya ce ita dai ba ta tsatsa.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sanyaya masa makwanci, Ya haɗa shi da Inna Hurera a Aljanna. Amin.