Kuɗin da Na Bari a Shafin Jira

Kafin a san ni da sata, da tsari aka san ni. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da littattafan wata ƙungiyar manoma a Ƙauran Namoda, wadda ke ba mutanen ƙauyukan Shinkafi da Zurmi rancen taki da iri, su biya bayan kaka. Karatuna bai wuce sakandare da kwas na wata shida ba, amma ban taɓa rufe wata da kuskure a littafina ba. Ba ni da abokin hira a ofis. Idan sauran sun fita shan fura, ni ina zaune da rula da jan biro.

Bari in fara da yadda aikin yake, don ku gane abin da na aikata. Ƙarshen kowane wata ana haɗa ɓangarori biyu na lissafi, kuma dole su zo daidai. In ba su zo ba, ko kuɗi ya shigo ba a san mai shi ba, akwai shafi guda da ake ajiye bambancin. Masu bincike suna ce masa saspens, mu muna cewa shafin jira. Kuɗi yana zama a nan har a gano kuskuren, sannan a mayar da shi wurinsa, a rubuta dalili a ƙasa. Ni kaɗai ke buɗe wannan shafi.

Wata ranar kasuwar Shinkafi littafin rasit ya ƙare wa ma'ajinmu. Sai ya riƙa rubuta suna da adadi sau biyu a takardar makaranta, ya yaga, ya ba mai biya rabi, ya riƙe rabi. A hanyar dawowa kwalbar ruwa ta zube cikin jakarsa. Rabi guda ya iso teburina sunan ya wanke, sai adadin kawai: naira dubu tamanin da huɗu. Na sa shi a shafin jira, kamar yadda doka ta ce.

Cikin kwana huɗu na gano mai kuɗin. Mutum ɗaya ne bashinsa ya yi daidai da adadin, wani dattijo na Gurbin Ɓore mai suna Malam Sanda. Layi uku zan rubuta magana ta ƙare. Ban rubuta ba. Na ce bari in ga ko wani zai tambaya.

Wata na farko, shiru. Wata na biyu, ma'ajin ya bar aiki ya tafi ci-rani kudu. Wata na uku na cire kuɗin, na rubuta "an gyara kuskure", na biya haya, na sayi waya. Daga nan na daina jiran kuskure ya zo, na fara yin sa da hannuna. In rubuta arba'in da biyar inda ya kamata hamsin da huɗu, in tura bambancin shafin jira, bayan mako biyu in share shi zuwa aljihuna. Haka na yi shekara biyu, kuma littafina ya fi na kowa tsabta.

Amma tun a shekarar farko ta satar Malam Sanda ya zo. Ya biyo hanyar Zurmi a bayan babur, hanyar da mutane ba sa bi sai dole. Ya cire hula, ya fito da rabin takardarsa a naɗe cikin leda.

"Ɗana, an aiko mani wai ban biya ba. Hannun ma'aji ni ba da kuɗin, ga shaida."

Na duba. Na san rubutun, na san inda ɗaya rabin yake, taku biyu daga kujerata.

"Baba, wagga takarda ba hatimi, ba lamba. Kowa na iya yage littafin jikansa ya rubuta."

"Ni ban iya boko ba, ɗana."

"To wani ya rubuta maka."

Ya naɗe takardar, ya mayar cikin hula, ya yi mini sai an jima. A taron shekara aka karanta sunansa cikin waɗanda suka ci bashi suka ƙi biya. Ni na shirya jerin sunayen. Ya sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu, ya biya karo na biyu, kuma duk manomi ya san sa guda ba ya jan garma.

Abin da ya kama ni shi ne halina. Ban taɓa yar da takarda ba. Da wata mai bincike ta zo daga Gusau, ta ce duk kuɗin da ya fita daga shafin jira in nuna mata shaidarsa. Ta bi fayil ɗina shafi bayan shafi har ta kai ga rabin nan da ruwa ya wanke, yana nan inda na jera shi. Shugaban ƙungiya ya tuna da dattijon da ya yi ta cewa ya biya, yana nuna rabin takarda, aka aika masa. Da aka haɗa takardun biyu a kan tebur, bakin yagar ya hau daidai.

Malam Sanda bai dube ni ba. Ya ce wa shugaba, "Alhaji, kuɗin ba su dame ni ba. A karanta sunana a taro, kamar yadda aka karanta wancan karon, a ce na biya."

Ba a yi taron ba. Abin da na kwashe ya durƙusar da ƙungiyar, aka rufe ofis.

Shekara uku aka yanke mini a gidan yari. Matata ta zo sau biyu, sannan ta koma gidansu. Ranar ziyara sai in linke bargona, in zauna ina jin ana kiran sunayen wasu. Ban yi aboki a can ba, kamar yadda ban yi a waje ba. A shekara ta biyu wani sabon fursuna ɗan Zurmi ya gaya mini Malam Sanda ya rasu.

Da na fito na yi dako a kasuwar hatsi har na tara kuɗin san huɗa guda, na kai wa babban ɗansa. Ya karɓa, bai ce in zauna ba. Ranar Juma'a ce. Bayan an idar da salla na tsaya a ƙofar masallaci, na ɗaga murya na ce Malam Sanda ya biya bashinsa a kan lokaci, ni ne na ɓoye, ni ne ɓarawon. Mutane suna neman takalmansu. Wani tsoho ya tsaya kusa da ni ya ce, "Mu mun sani, ɗana. Shi ne ya so ya ji."

Na tuba, ina roƙon Allah gafara. Ku matasa da za a ba amanar littafi, ga abu uku. Na ɗaya, kuɗin da ba suna a kansa yana da mai shi. Na biyu, kada ku yarda ku zama ku kaɗai ke buɗe wani shafi. Ku kira wani ya duba ko ba a nema ba. Na uku, ranar da kuka gano kuskure, ranar za ku gyara, kafin ku tashi daga kujera. Gyaran Malam Sanda layi uku ne kawai. Ni na jinkirta su shekara shida, da na zo karanta su, wanda ya kamata ya ji ba ya nan.