Dattijon da ya ƙi amsa wa budurwar zane

Da hantsi, a jirgin ƙasa mai lamba 4 na birnin New York, wani dattijo yana zaune daura da Gafaru. Kayan masu sharar asibiti ne a jikinsa, gemu duk furfura, yana riƙe da 'yar na'urar wasa da ta sha ɗauri da salatif. A gilashinta akwai zanen wata budurwa mai manyan idanu, tana jiran amsa.

Gafaru ya san wasan. Tsohon wasan Japan ne na manya, inda ake neman budurwar zane da zaɓen kalamai, kamfaninsa ma ya daɗe da rufewa. Irinsa ne a jakarsa, na amininsa Sheriff da aka binne shekaranjiya. Ya zare shi kafin a ɗaure kayan mamacin zuwa Kumasi, kada mahaifiyarsa ta ga abin da ya ɗebe wa ɗanta kewa a unguwar Bronx. Shara zai kai shi, amma zuciyarsa tana son sanin ko Sheriff ya taɓa jin daɗi a ciki.

Yatsan dattijon yana shawagi, bai danna komai ba. Wataƙila shi ma babu mai jiransa a gida.

"Baba," in ji Gafaru da Turanci, "a ƙarshe tana yarda?"

"Ban sani ba, ɗana. Kullum a nan nake kashewa. In na amsa mata wasan ya ƙare, sai in yi hira da wa?"

Ya sauka a tasha ta gaba. Gafaru ya ciro na'urar Sheriff, ya kunna. Budurwar tana nan a daidai wannan wuri, tana jira.